Bijimin Sunan Rahmatu

Kwana arba'in ke nan Lantana, matar maƙwabcina Jibrin, tana zuwa zaurena kowace hantsi. Takan durƙusa a bakin ƙofa da jaririyata goye a bayanta, ta ce, "Baban Rahmatu, ka yahe mani." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai har ta tashi ta tafi. Mutanen unguwa sun ce zuciyata ta yi tauri.

Sunana Siddiƙu, mahauci ne ni a Ƙofar Kware, haka ma ubana. Shekara goma sha ɗaya muna tare da matata Sakinatu babu haihuwa, sai a shekara ta shida da shigowar Nasara Sakkwato Allah ya ba mu 'ya mace. Kowa rago yake yankawa ranar suna. Ni na ce bayan rago sai na kayar da sa a cikin gidana, unguwa duka ta ci. Na je Dundaye na sayo farin bijimi, na ɗaure shi a turke kwana uku, yara na leƙowa ta katanga suna kallo.

Tun jajibere na shirya komai, don ban son a ce gidan mahauci an rasa wani abu. Na haƙa ramin jini a gindin durumi, zurfin kamu biyu. Na wasa wuƙar yanka har tana aske gashin hannu, na wasa ta fiɗa guda biyu, na sake ƙotar gatari. Na jiƙa igiyar rama don kada ta zame, na kafa gwafa biyu na gitta sanda a kai inda za a rataye cinyoyi. Jibrin ya mirgino mini kututturen sara ƙashi. Muka shimfiɗa ƙirgi biyu na kasa nama, muka jera masakai da tuluna shida cike da ruwa.

Da safe bayan an raɗa suna, muka shiga wurin bijimin. Dussar da na zuba masa tana nan bai taɓa ba. Mun tara maza biyar don kayar da shi, amma ja ɗaya ya kwanta.

Jibrin ya yi dariya ya ce, "Wanga sa ya san gidan mahauci ya zo, bai ga amfanin gardama ba."

Muka juya shi alƙibla, liman ya yi bisimilla ya yanka. Jini ya daɗe yana zuba, baƙi ƙirin. Ni da Jibrin muka feɗe, sannan na ce masa ruwa ba zai isa wankin tumbi ba, ya ja sauran su ɗebo a rijiya. Fasa ciki aikina ne ni kaɗai, haka ubana ya koya mini. A waje kuwa an cika maƙil, mata sun aiko da ƙore, maroƙa na ta kiran sunana.

Da suka dawo na riga na fitar da kayan ciki. Na wanke hannu sau uku da toka, na miƙe na ce, "Jama'a ku shaida, na yi wa Allah alwashi, in ya ba ni haihuwa, bijimin da zan yanka duk sadaka ne. Ko tsoka ɗaya ba za ta shiga tukunyar gidana ba."

Aka yi ta sa mini albarka. Lantana kaɗai ta ɗaga murya daga cikin mata. "Haba Siddiƙu! Mai jego na kwance, sa ya hwaɗi a tsakar gidanta, ka ce ba ta ci? Mi za ya maida mata jini, kunun kanwa?" Aka yi dariya. Na ce rago ya ishe ta.

Kashi talatin na yi. Gidan Jibrin suka sami hanta, ladan fiɗa. Da la'asar ina zaure ina sallamar baƙi, Lantana ta gasa hantar sama-sama, ta barbaɗa yaji, ta bi ta kafar darni ta kai wa Sakinatu. Ta ce mata ta ci maza kafin marowacin mijinta ya shigo.

Bayan kwana biyu Sakinatu ta fara zazzaɓi da murɗar ciki. A na huɗu ta rasu, muka kai ta makwancinta. Gidaje da yawa an kwanta, tsoho ɗaya ya rasu, Jibrin ya yi baƙin gyambo a hannu amma ya tashi. Aka ce iskar ciwo ce ta ratsa unguwa. Game da Sakinatu kuwa, Lantana da bakinta ta faɗi abin da ta yi, mutane suka ce alwashin da aka karya ne ya ci ta. Mata suka daina karɓar abinci daga hannun Lantana. Duk da haka ita ta ɗauki Rahmatu tana shayar da ita tare da ɗanta.

Yau ta zo da liman. Ta rame har zanenta ba ya zama. Liman ya ce, "Siddiƙu, tausayi ya sa ta, ba mugunta ba. Ka ji tsoron Allah ka sake ta."

Na ce, "Na yafe."

Ta kifa goshi a ƙasa tana kuka tana gode mini, tana cewa ni mutumin kirki ne. Suka tafi.

Ni ban taɓa yi wa Allah wani alwashi ba. Da na fasa cikin bijimin nan, na tarar da saifarsa ta kumbura ta yi baƙi tana narkewa a hannuna, irin wadda kowane ɗan mahauci ya san sai a binne bijimin da fatarsa, sai na ji kunyar mutanen da ke jira a waje, na ɓoye ta, na raba wa gida talatin naman, na hana gidana kaɗai.