Gurasar Audotsiya

Tun da sassafe Paraska ta share gindin dutsen tunawa na ƙauyen Lipniki, ta goge ƙurar da ke kan sunayen waɗanda Jamusawa suka ƙona cikin rumbu. Yau Sakataren Jam'iyya na lardi, Kwamared Symon Dubovik, zai zo yi wa uwarsa Audotsiya kukan shekara.

Kukan nan ya yi masa rana. Da shi ya tashi daga shugaban matasa ya hau kujerar lardi, ga shi har ana raɗe-raɗin Minsk, babban birni, na kiransa. Wa zai ja da marayan da uwarsa ta zama toka?

Paraska kuwa Jamus aka kai ta aikin bauta, ta dawo lokacin da duk wanda ya fito daga can abin zargi ne. Babu wanda ya san ta, waɗanda suka san ta duk sunayensu na jikin dutsen. Sakataren ne ya sama mata ɗaki da tsintsiya, bisa sharaɗin ta kama bakinta, in ba haka ba sai kurkukun Siberiya. Bana dai ta rantse sai ta yi magana.

Baƙar mota ta tsaya, Sakataren ya fito, tumbi na gaba yana biye. Ya murza hanci, sai ga hawaye shar. Tsohuwar dabara! Paraska ta san ta sarai.

Jam'iyya ta hana camfi, amma gaban masu ɗaukar hoto ya ajiye kofin barasa a kan dutsen, ya rufe shi da yankin baƙar gurasa, yadda ake yi wa mamaci. Paraska ta matso.

"Ke mai shara," ya ce yana murmushi, "ba a yi sanyi a ɗakin naki ba?"

Ta haɗiye maganar. Motar na tashi ta ɗauki gurasar.

"Tir da ke, tsohuwa!" in ji Tsimok, shugaban gonar haɗin gwiwa. "Abincin matattu? Ko kare ya fi ki kunya!"

Ta malalar da barasar a ƙasa, ta zauna ƙarƙashin sunanta na gaskiya a jikin dutsen, Audotsiya, tana taunar lomar da ɗanta ke ba ta sau ɗaya a shekara.