Cokali Uku a Gorar Mai Aski

Auta ta zuba cokali na uku a gorar mijinta, ta girgiza, ta cije leɓe don kada dariya ta tona mata asiri.

"Uku?" in ji mai aski, yana ɗaure igiyar takalmi. "Koci ya ce ɗaya."

"Yallaɓai, ɗaya ai na masu zagaye unguwa ne. Kai kilomita ashirin da ɗaya za ka ci a tseren yau."

Maganar ta yi masa daɗi har sai da ya shafi tumbinsa. Shekararsa arba'in da bakwai, ashirin daga ciki ya yi su a tsaye bayan ƙeyar mutane, sai bana son tseren gudu ya kama shi kamar ciwo. A gidan motsa jiki koci mai horar da su ya haɗa shi da wani jan gari a cikin roba mai hoton damisa, wai a dama a sha kafin a fita, ƙafa ta manta da gajiya.

Da aka kai wa likita robar, sai ya sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci. Auta ta iya kwaikwayonsa sarai, har da gyaran muryar da yake yi kafin kowace magana. "Ehem. Cokali ɗaya na wannan ya fi kofi uku na gahawa mai kauri. Ehem. Ga hawan jini, ga rana, ga gudu mai nisa. Zuciya ba injin markaɗe ba ce, malam." Mai aski ya ce to, ya gode. Suna fitowa ya ce likitan nan ko bas bai taɓa bi da gudu ba.

An yi roƙo, an yi fushi. Inna, mahaifiyarsa, ta yi mako guda tana share hawaye da bakin mayafi. Da Auta ta ga baki ba zai yi ba, jiya da la'asar, yana shago, ta juye jan garin a gwangwanin garin lemon da suke dama wa baƙi, na lemon kuma ta juye a robar damisa. Launi ɗaya, laushi ɗaya. Ta tura gwangwanin can bayan buhun shinkafa kafin ta samu sukunin zubarwa. Inna ma ba ta gaya mata ba, don tsohuwar in ta riƙe sirri fuskarta ce ke fara faɗa.

Yanzu ga shi ya kafa kai ya shanye, ya yamutsa fuska. "Ɗacin nan dai ba a sabo da shi."

Lemo ne fa. Auta ta tsere kicin da gorar. Can ta tarar da wata tasa mai ɓurɓushin ja a gefen famfo, ta yi wa kanta tsaki kan sakacin jiya, ta ɗauraye da sauri.

Kafin su kai mota ya fara sosa kunne da wuya. "Kin gani? Ya fara tsikarina." Yatsunsa na ta rawa a kan sitiyari. Auta ta ce a ranta, bawan Allahn nan ya ɓata baiwarsa a aski, wasan kwaikwayo ya kamata ya shiga.

Inna ma ta biyo su, da lemarta da kujerar roba. Yau ko ɗigon hawaye babu. Har ta dafa kansa ta sa masa albarka, ta ce ya wuce su duka. Auta ta ɗauka tsohuwa ta gaji ta bar wa Allah.

A teburin raba ruwa na kilomita goma Auta ta samu gurbi, cikin matan 'yan gudu. Siraran samari suka fara wucewa kamar an koro su. Ba ta gama jera kofuna ba sai ga nata. Mutumin da ke cin awa ɗaya da kwata kafin ya iso nan, yau ko awa bai cika ba. Idanu jajir, jijiya ta fito raɗau a goshi, riga ta manne da jiki.

Ya dafe ƙirji yana haki. "Kamar ana daka a nan."

"Alamar yana aiki ke nan, Yallaɓai." Ta miƙa masa gora ta biyu, wadda ta dama da ƙarin cokali biyu daga robar. Ya zazzage rabi a baki, ya riƙe sauran, ya ɗan karkace kamar keke mai lanƙwasasshiyar taya, ya nufi tudun da babu inuwa ko ta sanda.

Yana ɓacewa Auta ta saki abin da ta riƙe tun safe. Ta turo ciki, ta zare ido, ta dafe ƙirji tana karkacewa. "Ya fara tsikarina, koci, ya fara." Matan suka yi ta riƙe tebur, kofuna na zubewa.

Ta faɗa kusa da kujerar Inna tana share hawayen dariya. Lokaci ya yi da za ta kwantar wa tsohuwa da hankali. Sai ta ga ita ma kafaɗunta na girgiza a ƙarƙashin lema. Inna ta waiga dama da hagu, ta jawo ta kusa, ta rage murya.

"'Yar nan, bar shi ya sha har ya gode Allah. Ɗazu kina wanka na lalubo gwangwanin lemon nan a bayan shinkafa, na juye masa shi a robarsa, mugun garin kuma na mayar a gwangwani."