Wanda Yake Riga Ta Karantawa

Shafukan sun sake mannewa. Allura ta sa bakin almakashi ta raba su a hankali, tana kawar da fuska. Wani jan abu mai danƙo ne ya bushe a tsakaninsu, daidai wurin da barde mai tsagaggiyar garkuwa yake tsallaka gada shi kaɗai, mahara suna jiransa a ƙetare.

"Tir," ta ce. Ta goge almakashin da ƙyalle, ta jefa ƙyallen a kwandon shara.

Matan shagon ɗinki ne suka laƙaba mata Allura, saboda sirantaka da kaifin baki. Ba ta yi nisa a makaranta ba. Da tsofaffin littattafan yayanta ta ƙarasa koya wa kanta karatu, shi ya sa take riƙe littafi kamar ƙwai. Wannan kuwa na yara ne, labarin baraden zamanin da, masu sulke da kwalkwali da gidajen dutse, an raba shi kashi uku. Don rage zaman banza ta ɗauko na farko, sai ga ta tana ɗinka hannun riga a baibai, hankalinta yana wurin barden da ya yi wa wata marainiya alkawari ya ƙi karyawa.

Matsala ɗaya ce. A rumfar Baba mai ba da aron littattafai kowane kashi guda ɗaya ne, kuma akwai wanda kullum yake riga ta ɗauka. Ba ta taɓa ganinsa ba. Ta sa masa suna Ƙazami.

Na farko ya zo hannunta yana tsamin madara. Na biyu ya fi muni. Gefen bangon duk shatin haƙora, takardun sun kumbura da wani ruwa da ba ta son sanin ko na mene ne, ga busasshiyar shinkafa a liƙe a fuskar marainiyar. Ga shi da nawa: ya karanta kaɗan ya naɗe kusurwa, ya karanta kaɗan ya naɗe, sai ya yi makonni bai mayar ba. Da ƙyalle take riƙe littafin, in ta ajiye ta wanke hannu har gwiwa.

Ta dai san mutum ɗaya da ya iya riƙe abu da mutunci: mai gyaran keken ɗinkinsu. Kafin ya kwance komai sai ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera ƙusoshi a kai. Tun da matarsa ta rasu ba ya zaman hira, ko shayi aka ba shi sai ya dubi agogo ya ce ana jiransa a gida. Allura ba ta faɗa wa kowa ba, amma duk lokacin da barden ya cire kwalkwali, fuskar mai gyara take gani.

Kashi na biyu ya ƙare barden yana ɗaure a kurkukun ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya kawo masa ƙirji. Ta ruga rumfar Baba. Ga na uku can a kan kanta, sabo ful a cikin leda.

"Wanda yake riga ki ɗauka ya ce in ajiye masa," in ji Baba.

Ta buɗe na biyu ta kai masa hanci. "Shinshina, Baba. Don Allah shinshina."

"Ke 'yar nan, abinci fa zan ci!"

"To wannan muke sha. In ka ba shi sabon nan, ni da matan shagonmu mun bar zuwa. Ba sabon kaɗai ba, kada ya ƙara taɓa ko ɗaya."

"Bawan Allah ne mai shiru-shiru. Na ji an ce..."

"Ya riƙe shirunsa. Akuya ma shiru take yi in tana cin takarda."

Masu zaɓen littattafai suka kwashe da dariya. Baba ya dubi bangon da aka tattauna, ya ja tsaki, ya miƙa mata ledar. Ya ce in mutumin ya zo zai sallame shi.

Ba ta taɓa jin daɗin karatu irin wannan ba. Takarda fara tas, tana ƙamshi, ba abin da ya manne. Ta ƙi yin sauri, tana ja kamar mai tsotsar alewa. Barden ya tsinke sarƙa, ya sami dokinsa, ya nufi ganuwa. Da ta zo babin ƙarshe sai ta koma farko.

Ranar da kekenta ya cije, aka kira mai gyara. Ya shigo bai yi aski ba, maɓallin rigarsa a karkace. Ya manta da farin ƙyallen. Wata ƙusa ta suɓuce masa, ya sunkuya zai ɗauka, idonsa ya faɗa kan littafin da ke kwandon zarenta. Ya daɗe a tsugune.

"Ashe a wurinki yake," ya ce a hankali. "Ƙanwata, in kin gama ki taimaka ki ara mini. 'Yata ba ta tashi daga gado, kuma ba ta buɗe baki ta karɓi abinci ko magani sai ina karanta mata labarin nan. Tun da Baba ya hana ni, ko cokali ɗaya ta ƙi haɗiya."