Roba-robar Mama Grace

Karo na uku ke nan ana juyo da Harrison daga ofishin ba da lambar ababen hawa. Ranar farko aka ce rasit ɗin ba sunansa ba ne a kai. Rana ta biyu aka ce ya kawo takardar sayarwa da sa hannun tsohuwar mai shi. Yau kuwa jami'in ya duƙa ya leƙa ƙasan mashin ɗin, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Oga, ban ga lambar jikin mashin ba. Je ka a kwance robar gaba ka dawo."

Harrison ya tsaya riƙe da hular kwano. Shekararsa arba'in da biyu, malamin firamare ne a Unguwar Boro, kuma sati uku da suka wuce ko kunna mashin bai iya ba. Har yanzu in ya hango tirela sai ya sauke ƙafafu biyu ƙasa yana jan su kamar agwagwa. Ba sha'awa ce ta sa ya hau ba, dole ce.

Wata huɗu baya, da sassafe ana yayyafi, wani mai mashin ya kwashe Rebecca, matar Harrison, a bakin titi tana hanyar kasuwa. Gwiwa ta karye, kai ya fashe, har kunnenta sai da aka ɗinke. Ba ta ga kowa ba, ta baya aka zo mata. Da ba don Mama Grace, tsohuwar maƙwabciyarsu kuma babba a zumuntan mata na cocinsu, ta iso wurin ta tare Keke Napep ba, da jini ya ƙare mata a kwance a kwata. Mama Grace ce kaɗai ta hango mai laifin. Ta ce wani saurayi ne a kan baƙin babur, ya yi hanyar Kakau.

Harrison ya yi wata guda yana kallon duk saurayin da ke kan baƙin babur, har ya gaji. Abin na cin ransa, amma wa zai kama?

Yanzu likita ya ce sau uku a sati za a riƙa kai Rebecca gashin ƙashi, in tana fashi gwiwar za ta sandare har abada. Masu Keke kuwa ba sa shiga lungunsu da damina. Nan ma Mama Grace ce ta share musu hawaye. Tana da roba-roba, ɗan ƙaramin mashin ɗin nan da mata ke hawa, ta ce ta daina hawa tun farkon damina saboda idonta ya fara hazo. Ta sayar masa a farashin da ko tsohon keke ba zai saya ba. Ja ne, gabansa ya fi sauran jikin ƙyalli.

"Ɗana, bar shi da tsohuwar lambar," in ji ta. "Wa zai tambaye ka?"

Aka kuwa tambaye shi. A sati na biyu jami'an hanya suka tare su, takardu sunan mace, mai tuƙi namiji, lasin babu. Rebecca ta yi awa biyu zaune a kan dutse cikin rana, sandarta a cinya, har lokacin asibiti ya wuce. Tun ranar aka ajiye mashin a gida, ta yi fashi sau biyar, gwiwar ta fara ƙin lanƙwasawa.

Yau da jami'in ya ce a kwance robar gaba, sai ya tura roba-robar zuwa rumfar Malam Yahaya bakanike, a tsallaken ofishin. Malam Yahaya ya kwance kusoshi, ya ɗaga robar gaba, ya juya ta ya duba cikinta.

"Wannan ta taɓa shan karo, Malam. Ga tsaga nan, liƙe ta aka yi aka bi da fenti."

"Tsohuwa ce mai shi," Harrison ya ce. "Ƙila gini ta goga."

Wani ɗan abu ya faɗo daga cikin robar ya yi ƙara a ƙasa. Bakaniken ya tsince shi, ya goge a riga, ya miƙa masa. Ɗan kunne ne guda ɗaya, mai siffar ganye. Harrison ya jefa a aljihu. Shi irin mazan nan ne da ko zanen da matarsa ta ɗaura jiya ba zai iya faɗa ba, balle ɗan kunnen tsohuwa.

Da ya koma ofishin, jami'in ya karanta lambar, ya buga hatimi. Kafin la'asar an ɗaura sabuwar lamba. Harrison ya tuƙo gida yana waƙar coci a cikin hular kwano, rabonsa da farin ciki irin wannan tun kafin damina.

Ya same su a tsakar gida. Rebecca na kan tabarma ta miƙe ƙafa, Mama Grace na matsa mata gwiwa da man kaɗanya, kamar yadda take yi kullum ba fashi. Ya durƙusa ya yi mata godiya, sannan ya tuna, ya sa hannu a aljihu.

"Mama, ga ajiyarki. A cikin robar gaba ya maƙale."

Hannun Mama Grace ya tsaya cak a kan gwiwar, ba ta miƙo shi ba. Rebecca ce ta karɓa. Ta juya ɗan kunnen a tafin hannunta, ta kai yatsa ta taɓa tabon ɗinkin da ke kunnenta.

"Harrison, ai nawa ne," ta ce a hankali. "Shi ne a kunnena ranar da aka buge ni."