Kwaltar da Ke Jikin Motar Vern

Lorna Pawluk ta durƙusa gefen farar a-kori-kurar, ta shafa ƙasan ƙofa da yatsa. Kwalta ce, ta bushe ta yi tauri kamar ƙanzo. Ta bi ta da ido: ta fantsama tun daga tayar gaba har murfin baya, hagu da dama. Wanda ya bi sabon titi a hankali ba ya kwaso irin wannan. Wannan gudu aka yi a kan kwalta mai zafi.

Mako uku ke nan tana jiran wannan mota. Ƙanenta Gord shi ke riƙe allon tsayar da motoci a wurin aikin titin da ke arewa da gari. Wata farar a-kori-kura ta kwashe shi, ta keta sabuwar kwalta ta tsere. Yanzu yana kwance a asibitin birnin Saskatoon, bai san wanda ke kansa ba. 'Yan sanda kullum maganarsu ɗaya, ana bincike, kuma rabin motocin yankin farare ne. Abokan aikinsa kuwa ta daina ɗaga wayarsu, tunda a gabansu abin ya faru. Sai ta kafa allo a bakin garejinta: ana cire kwalta kyauta duk wannan wata.

Mai motar, Vern Hildebrand, dattijon manomi ne da ta sani sama-sama. Yana tsaye yana murza hularsa, ya ƙi haɗa ido da ita.

"Ta kwana biyu a jiki, Mista Hildebrand," in ji ta.

"Ta kwana biyu, 'yata. A siton gona na kulle ta. Ko kallonta ba na son yi." Ya sake murza hular. "Yaya jikin ɗan'uwan naki?"

"Yana nan yadda aka bar shi."

Ya gyaɗa kai, ya ce zai je ya sha kofi, ƙarfe uku zai dawo domin yana da tafiya birni.

Ta ja ƙofar gareji ta rufe. Ta fara duba gaban motar. Babu lotsawa, fitilu lafiya lau. Ta yi tsaki. Mako uku ai ya isa mutum ya canza ƙarfen gaba a gonarsa ba wanda ya sani. Ta hau baya da tocila. A lungu, ƙarƙashin buhun iri, ta ga safar hannu ruwan lemo, guda ɗaya tak. Ta juya ta. G.P., haruffan farko na sunan Gord, da baƙin alƙalami, rubutun da ita ta koya masa tun yana aji ɗaya. A kwarmin ƙarfen da ke kusa akwai wani tabo mai duhu wanda ba kwalta ba ne.

Ta zauna a nan har ƙafarta ta yi sanyi. Ta ɗauko waya, ta kalli lambar 'yan sanda, ta mayar aljihu. Ta san yadda za a ƙare. Lauya mai bakin zuma, dattijo mai furfura, limamin coci ya zo ya ba da shaidar halinsa. Shekara ɗaya ko biyu, ya dawo ya hau tarakta. Gord kuwa ko cokali ba zai sake riƙewa ba.

Ta sauko ta kama aiki. Ta fesa man narkar da kwalta, ta jira har baƙin ya fara zubowa kamar hawaye, ta share da tsumma mai laushi ba tare da ta dirje ba. Tsumma goma sha ɗaya ta ɓata. Ta wanke da sabulu, ta bi fentin da yumɓun goge mota har tafin hannunta ya daina jin ko ƙwayar tsakuwa. Ta shafa kakin sa fenti walƙiya, ta goge. Tunda ta buɗe garejin nan ba ta taɓa yi wa mota aiki irin wannan ba. So take ya tafi yana murna, hankalinsa kwance.

Daga nan ta ɗauko sifana ta durƙusa gaban tayar gaba ta hagu. Ba ta daɗe ba ta sassauta notocin tayar. Ta mayar da murfin tayar, ta goge shi ma.

Vern ya dawo a kan lokaci. Ya zagaya motar, idonsa ya ciko.

"Kai, kamar ba ita ba. Ki bari in ba ki wani abu mana."

"Na riga na karɓi nawa. Allah ya kiyaye hanya."

Ta tsaya a ƙofa tana kallo har ya hau babban titi ya taka mai. A karon farko cikin mako uku ta ji yunwa.

Tana wanke hannu wata motar ta tsaya. Duane ne, shugaban ma'aikatan titin, riƙe da kwanon abincin Gord.

"Tunda kin ƙi ɗaga waya, na kawo da kaina," in ji shi. "Yanzu na yi kiciɓis da Vern, motar nan tana ta walƙiya. Kin dai gode masa ko? Na san shi, ba zai faɗa da bakinsa ba."

Ruwa na zuba a hannunta, ba ta rufe famfon ba. "In gode masa da me?"

"Au, ba wanda ya gaya miki? Da ɗan iskan nan ya tsere, motar asibiti aka ce sai ta yi awa guda. Vern na cikin layin masu jira, shi ya keto kwaltar da zafinta, muka ɗora Gord a bayan motarsa, ba don shi ba da tuni mun binne ƙanenki."