Bidiyon Atisayen Safina

Na san da magana tun da Safina ta fito zaure ba tabarma a hannunta. Ni ne na ɗauki bidiyonta tana atisayen wasan yaƙi a waya, na ɗora a WhatsApp don alfahari. 'Yan Gangara, abokan karawarta a gasar intanet, suka ga yadda take jera dakarunta.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Sannu, mai digirin lisans! Wata biyu ina ɓoye dabarar nan, duk garin Gazawa ba wanda ya sani."

"Wallahi burge ni kika yi, Safina."

Ta taɓe baki. "Sirrin wasa ya fi ƙarfinka, ina ga na aure? Ka ce wa kawunnanka su dakata da zuwa tambaya."

Yau kwana huɗu ke nan. Ba ta ce su zo ba, ba ta ce an fasa ba.