Hoton Ƙarfe Sha Biyu

Tana cikin kafa hannun riga saƙon ya shigo wayarta. Mai ɗinkin ta karanta har sau uku, ba ta tsinci komai ba sai "'yan sanda". Allura ta soke ta a yatsa, ko ji ba ta yi ba.

Ta bar keken ɗinki ta tsallaka titi wurin mai gyaran waya, mutumin da ya san komai har abin da ba a tambaye shi ba. Ya gyara zaman tabarau ya shiga yi mata bayani. Kamfanin da ke ajiye mata hotuna ne ya rubuto. 'Yan sandan wata ƙasa sun kai takardar kotu, akwai kuma yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, don haka ya miƙa musu hotunan da wuraren da aka ɗauke su.

Ta ce ai ta goge na da tun ranar da ta ƙetaro iyaka, layin wayar ma ta karya shi. Ya yi dariya, ya ce a waya kawai ta goge, ainihin suna can a ajiye. Adireshin ajiyar kuwa ba ta taɓa canzawa ba. Wata ce ta buɗe mata shi tuntuni, ita lambar sirrin kawai ta haddace.

Ya juyo mata wayar. Ga yarinyarta Mitsitsiya nan, kullum ƙarfe sha biyu tana cin abinci, hoto bayan hoto, shekara huɗu ba fashi. Can ƙasa kuma ga ta jaririya a wani falo mai labule har ƙasa.

"Ashe gidan manya kika baro," in ji shi. "Shi ya sa yarinyar ko farcenki ba ta ɗauko ba."

Ta karɓe wayarta. Duk zamanta a nan, ta ɗauka hannun hukuma a bakin iyaka yake tsayawa. Yau za a raba ta da Mitsitsiya, kuma ba ta san yadda ake rayuwa babu ita ba.

Ta je makaranta da gudu ta ɗauko ta, ta dawo gida ta shiga cusa kaya a buhu. Yarinyar tana ta tambaya, "Mama, ina za mu?" Ba ta gama ɗaure buhun ba aka ƙwanƙwasa ƙofa.

'Yan sanda biyu ne, bayansu wata mata ramammiya. Mitsitsiya ta ruga ta ɓuya a zanen mai ɗinkin. Matar ta durƙusa ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta ɗago kai.

"Abu ɗaya na roƙe ki ranar da na ɗauke ki raino," ta ce a hankali. "Ki riƙa turo mini hoton 'yata ofis ƙarfe sha biyu. Shekara huɗu ke nan ina jira."